Hanyar Komawar Lantarki a Tsarin Ƙwayar Tuƙa Inji

Ƙwayar tuƙa inji ita ce 'yar ƙaramar na'urar da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ke ba da umarni da injin lantarkin da ke juyawa, kuma aikinta shi ne buɗewa da rufe taranzistoci huɗu da aka jera a siffar harafin H domin sauya alƙiblar lantarki. Hujjar wannan maƙala ita ce, da yawa daga laifuffukan da ake ɗora wa ƙwayar sun samo asali ne daga layin ƙasa, wato layin da ake ɗauka a matsayin bolt 0, wanda masu zane kan kalla tamkar ramin da lantarki ke faɗawa ya ɓace, alhali kuwa hanya ce da yake bi ya koma inda ya fito.

Tun binciken Michael Faraday na 1831 aka fahimci cewa sauyin maganaɗiso yana haifar da ƙarfin lantarki, don haka kowace waya, kome gajartarta, tana turjewa idan aka sauya kwararar da ke cikinta farat ɗaya. Ana auna wannan turjiya da henri, kuma waya mai tsawon santimita 10 tana da kimanin nanohenri 100. Idan ƙwayar ta yanke amfiya 2 cikin nanosakan 100, bolt 2 ne zai bayyana tsakanin bakin wayar da ƙarshenta, alhali a tsarin siginar umarni na TTL duk abin da ya haura bolt 0.8 ya fita daga matsayin sifili. Muddin ƙwaƙwalwa da inji sun yi tarayya a wannan waya, sai a ga injin yana zabura ba da umarni ba, ko ƙwaƙwalwar ta ɗauke ta sake tashi, mai gyara kuwa ya yi ta canza ƙwaya lafiyayyiya.

Maganin yana farawa daga raba hanyoyi: kwararar inji ta koma ta faffaɗan layinta, siginar umarni ta bi nata, su haɗu a wuri guda kusa da ƙafar ƙwayar. A allon haɗa na'urorin mai hawa biyu ko fiye, shimfiɗar jan ƙarfe da ba a tsattsaga ba ta fi wannan inganci, domin kwarara mai saurin sauyawa tana komawa ne ta ƙarƙashin layin da ta fita, kuma duk tsagin da ya tare ta yana tilasta mata zagaye mai ƙara turjiya.

Sai batun kafasita, wato ma'ajiyar caji da ke ciyar da ƙwayar a ƙiftawar idon da batir ba zai iya ba. Takardar bayanin ƙwayar L298 ta kamfanin STMicroelectronics ta nemi nanofarad 100 a kan kowace ƙafar wuta, kamfanin Pololu kuma ya shawarci masu amfani da allonsa na A4988, wanda iyakarsa bolt 35 ce, da su ƙara aƙalla maikurofarad 47, saboda doguwar wayar batir kan haifar da tsallen wuta da zai iya ƙona ƙwayar lokacin jonawa. Abin takaici, ana yawan kiyaye adadin a manta da mazaunin, alhali ƙaramar kafasitar da aka ajiye santimita 5 daga ƙafar ƙwaya ta riga ta ɗauki turjiyar layin da ke tsakaninsu, shi ya sa ake lanƙaya ta milimita kaɗan daga ƙafar wuta da ta ƙasa.