Joliba: Jirgin Faci Da Ya Ƙare A Duwatsun Busa

A watan Maris na 1824 Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, ya sauka Sakkwato a matsayin baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abubuwan da ya yi ta tambaya har da labarin wani jirgi da ya halaka a kogin Kwara shekara 18 kafin zuwansa. Zancen ba baƙo ba ne a birnin, domin abin ya faru ne a Busa, kudu da Yawuri.

Mai jirgin shi ne Mungo Park, likita ɗan ƙasar Sikotlan. Ya taso daga Gambiya a 1805 da Turawa fiye da 40, cikinsu har da kafintocin da za su ƙera masa jirgi. Damina ta riske su a hanya, zazzaɓi da atuni suka yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Mutum 11 kaɗai suka ga Kwara, kuma kafin a fara aikin, kafintocin duk sun rasu.

A Sansanding, cikin ƙasar Mali ta yau, abin da Park ya samu daga masarautar Segu shi ne kwale-kwale biyu, kowanne rabinsa ya ruɓe. Shi da wani soja mai suna Abraham Bolton suka shafe kwana 18 suna sare ruɓaɓɓen katako, suna haɗa lafiyayyen wannan da na wancan, kamar gyartai na ɗinke tsohuwar ƙwarya. Abin da ya fito tsawonsa ƙafa 40, faɗinsa ƙafa 6, gindinsa shimfiɗaɗɗe. Suka yi masa rumfar fatar shanu don tare mashi da kibiya, suka kafa tutar Ingila, aka raɗa masa suna mai nauyi: Joliba, jirgin Mai Martaba Sarkin Ingila. Duk masuncin da ya ga wannan haɗe-haɗe sai ya dara.

Amma jirgin facin bai ba da kunya ba. Ya bar Sansanding a Nuwamba 1805 ɗauke da Turawa biyar, bayi uku da ɗan jagora Amadi Fatuma, ya wuce mashigar Timbuktu da Gawo, ya ci fiye da kilomita 1,600 har Yawuri. Matsalar tana wurin mai shi. Park ya ƙi tsayawa gaida masu ƙasa ko biyan kuɗin fito, duk kwale-kwalen da ya matso kuma sai a buɗe masa wuta. A Yawuri yarjejeniyarsa da Amadi ta ƙare, jagora ya sauka. A farkon 1806, babu wanda ya san hanyar ruwan a cikinsu, Joliba ya maƙale a duwatsun Busa, ga mutane a gaɓa da makamai. Park da sauran Turawan suka faɗa ruwa suka nutse. Bawa ɗaya ne ya tsira.

Injin tururi ma bai sauya darasin ba. A 1857 jirgin Dayspring na Dakta William Baikie, wanda Samuel Ajayi Crowther ke ciki, ya daki dutse kusa da Jebba ya farfashe, mutanensa suka zauna a bakin kogi kimanin shekara guda suna jiran wani jirgin.

Tsohuwar Busa yanzu tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. Masunta da masu fito na wannan yanki sun daɗe da sanin inda dutse ke ɓuya da lokacin da ruwa ke janyewa, kuma tambaya ɗaya da gaisuwa sun isa su buɗe wannan ilimin. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ruɓaɓɓen katako ya yi nasa aikin. Raina masu kogi ne ya kifar da Joliba.