Darasin Holan na 1953

Jama'a, masu tambayar yadda garuruwan bakin teku za su yi in ruwa ya ci gaba da hauhawa, ku leƙa tarihin Holan. Kusan rubu'in ƙasarsu kwari ne, teku ya fi shi tudu. Daren 31 ga Janairu, 1953, guguwa ta fasa ganuwar da ke tare musu ruwa, mutum 1,836 suka halaka. Sai suka kama aikin Delta: madatsu da manyan ƙofofin da ake rufewa in teku ya tumbatsa. Ba su gama ba sai 1997.

Ni da nake aikin gwamnati, abin da ya tsaya min a rai shi ne, gwamnatoci sun yi ta sauyawa amma aikin bai tsaya ba. Wallahi kuɗi kaɗai ba ya tare teku, sai da irin wannan naci.