Talabijin da Renon Yara Ƙanana: Tarihin Wata Muhawara

Tun da akwatin talabijin ya bazu cikin gidajen Amurka a shekarun 1950, masana suka duƙufa kan gano abin da yake yi wa yara. Littafin da Wilbur Schramm da abokan aikinsa suka fitar a 1961 ya nuna cewa tasirin ya danganta da yaron da kuma gidan da ya tashi.

A daidai wannan lokaci Diana Baumrind, ta Jami'ar Kalifoniya, tana nazarin yaran da ba su isa shiga firamare ba tare da iyayensu. A 1966 ta kasa tarbiyya gida uku. Akwai iyaye masu tsanani, waɗanda ba a yi musu musu. Akwai masu sassauci, waɗanda ba sa kwaɓa. Sannan akwai masu kafa doka tare da bayani da tausasawa. Bincikenta ya nuna cewa 'ya'yan kashi na uku sun fi dogaro da kai. A 1983 Maccoby da Martin suka ƙara kashi na huɗu, watau iyaye masu halin ko-in-kula.

Shirin Sesame Street ne ya haɗa waɗannan fannoni biyu. An fara nuna shi ranar 10 ga Nuwamba 1969, da nufin koya wa 'ya'yan talakawa baƙaƙe da ƙidaya kafin su shiga makaranta. Da shirin ya isa Isra'ila, sai Gavriel Salomon ya nemi waɗansu mata su riƙa kallonsa tare da 'ya'yansu 'yan shekara biyar. Sakamakon da ya buga a 1977 ya nuna cewa 'ya'yan marasa galihu sun fi ƙaruwa in uwa na zaune kusa.

Gwajin Patricia Kuhl na 2003 ya ƙara fito da wannan batu fili. An riƙa yi wa jariran Amurka 'yan wata tara magana da Sinanci. Waɗanda aka yi wa magana ido da ido sun iya rarrabe sautukan harshen, amma waɗanda suka kalli masu maganar ta bidiyo ba su koyi kome ba.

Shawarwarin likitoci ma sun bi wannan sawu. A 1999 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a guji nuna wa ɗan ƙasa da shekara biyu talabijin. A 2016, bayan wayar hannu ta game duniya, ta ƙayyade awa ɗaya a rana ga 'yan shekara biyu zuwa biyar, ta kuma nemi iyaye su riƙa kallo tare da su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka makamanciyar wannan.

Watau dai muhawarar da ta faro daga akwati ta koma kan wanda ke zaune gefen yaro. Wannan ya shafi malaman harshe a ƙasar Hausa, inda yaro ya saba tsintar harshe a bakin kaka mai tatsuniya, wadda takan tsaya ta saurari tambayarsa, ta ba shi amsa. Wayar da aka miƙa masa don ya yi shiru ba ta yin haka, alhali kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.