Injin Tsere da Hanyar Illo

A 1975 wani direba ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya lashe gasar tseren Safari ta Kenya a cikin Fijo 504. A wannan shekarar ce kuma masana'antar Peugeot da ke Kaduna ta fara haɗa irin wannan mota. Tun daga nan sunan 504 ya haɗu da gudu a zukatan direbobin Arewa, alhali injin da ya ci gasar daban yake da wanda ke jan fasinja. Silinda huɗu ne duka, amma na tseren an yi masa gyara na musamman, kuma injekta ce ke ba shi mai. Na haya kafireto gare shi.

Babban bambancin injin tsere da na titi shi ne matsi. Kafin fulogi ya ba da wuta, fistin yakan matse iska da fetur a cikin silinda. A injin 504 na yau da kullum matsin bai kai ninki tara ba. Na tsere yakan kai goma sha biyu ko fiye. Yawan matsi na ƙara ƙarfi, sai dai yana da sharaɗi: fetur mai jure matsi, wanda ba zai kama da kansa ba kafin lokaci. Idan man bai kai ba, sai injin ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ya yi zafi, a ƙarshe fistin ya huje. A Amurka da Japan, inda matasa ke dasa irin wannan inji a ƙananan motocinsu, man da ya dace yana nan a gidan mai.

To, a Illo fa? Garin yana ƙasar Bagudo, kudu da kogin Kwara, kuma yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta bar shi a hannun Ingila, kusa da iyakar ƙasar da yau ake kira Binin. Mota a nan dabbar kaya ce. Tana ɗaukar shinkafa da albasa da mutane zuwa Lolo da Tsamiya, ta bi yashi da ramuka, ta sha man jarka. Da gwamnati ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, 'yan bumburutu suka zama madogara, kuma ba mai tambayarsu ingancin abin da ke cikin galan. Injin tsere ba zai yi nisa a kan wannan abinci ba.

Duk da haka dashen inji sana'a ce babba a yankin, sai dai ta bi wata hanya. Bayan karyewar darajar naira a 1986 sabuwar Fijo ta fi ƙarfin direban haya, sai tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta zama ƙofar motoci da injuna na hannu, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Bakanike ya ciro injin da ya gaji, ya yanka ƙarfe ya sake masa mazauni, ya ɗora na Toyota ko Nissan a jikin Fijo. Sau da yawa ma yakan cire injekta ya mayar da kafireto. Injiniya zai kira wannan koma-baya, kuma ta fuskar shan mai da hayaƙi yana da gaskiya. Amma kafireto idan ya toshe a daji, yaron mota ma zai kwance shi ya busa.

Masu neman gudu na gaske su ne 'yan fasa-ƙwauri, su ma abin da suka fi ƙarfafawa shi ne sifirin na baya, don motar ta ɗauki buhuna. Hana shigo da motoci ta kan tudu daga Janairun 2017, da rufe iyakoki a Agustan 2019, sun tsadantar da injin Kwatano, har wanda a da za a yar ya koma ana sake masa zobba da fistin. Kaduna kuwa ta daina haɗa 504 tun tsakiyar shekarun 2000.