Kwalbar Talaka: Abin Da Ya Faru A Italiya A 1986

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau Italiya muka nufa, kuma maganar jar giyar inabi za mu yi, wadda mutanen can suke ajiyewa kusa da farantin taliya a gidajensu. Kafin wani ya fara a'uziyya: giya haramun ce a Musulunci, kuma ba tallarta muka zo yi ba. Abin da ya kawo mu shi ne tambaya ɗaya. Idan abin da talaka yake saya ya yi araha, wa yake duba abin da ke cikinsa?

Mu fara daga gona. Ɗaruruwan shekaru, a yankuna irin su Tuskani, noman raba-daidai ake yi. Gona ta mai ƙasa ce, wahala ta manomi da iyalinsa, in an girbe a raba biyu. Alkama, zaitun, inabi, duk haka. A wurin wannan manomin giya ba kayan gayu ba ce, cikin cimarsa take, kamar burodi. Sau da yawa ma mai kyaun kasuwa take tafiya, shi kuma ya zuba ruwa a kan tuƙar inabin da aka matse, ya sha abin da ya fito.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai lissafi ya canza. Matasa suka bar gonaki suka kwarara birane irin su Milan da Turin, inda masana'antu kamar Fiat suke ɗaukar ma'aikata. A 1964 gwamnati ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar raba-daidai. To amma ɗan ƙauyen da ya koma birni bai bar al'adarsa a gona ba. A shekarun 1960, in aka raba abin da ƙasar take sha a kan kowane mutum, ya haura lita 100 a shekara. Da can shi yake matse inabinsa, yanzu a kanti yake saye, a hannun wanda bai sani ba, kuma mafi araha yake nema.

Dokoki akwai su. Tun 1716 mai mulkin Tuskani, Cosimo na Uku, ya shata iyakar yankin da za a kira giyarsa Chianti. A 1963 aka kawo tsarin DOC, wato hatimin da yake nuna daga inda giya ta fito da irin inabin da aka yi ta da shi. Sai dai giyar teburin talaka, wadda ake dakonta a manyan tankoki ana gaurayawa ana ɗurawa a manyan kwalabe, ba ta samu irin wannan sa ido ba. Kun san dai sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ga yadda ya shiga. Inabi mara kyau giya mara ƙarfi yake bayarwa, kuma dokar Italiya ta hana a ƙara sukari don a ɗaga ƙarfin barasar. A 1984 kuma aka cire haraji a kan metanol, wani sinadari da ake amfani da shi a masana'antu, irin wajen haɗa fenti. Nan take ya zama hanya mafi sauƙin kuɗi ga 'yan algus. Matsalar ita ce, in metanol ya shiga jiki, hanta tana juya shi ya zama guba mai cin jijiyar ido. Mutum zai sha da daddare ya kwanta lafiya, sai bayan sa'o'i ciwon kai da amai su fara, gani ya dushe, wani daga nan sai kabari.

A watan Maris na 1986 asibitocin Milan suka fara karɓar mutane da waɗannan alamomin. Da aka bi sawu, sai aka ga duk giya mai araha suka saya a kanti. Bincike ya kai ga wani ɗan kasuwa da ɗansa a ƙaramin garin Narzole, a yankin Piemonte, waɗanda suke sayar wa masu ɗurawa a kwalba. Aƙalla mutum 19 suka mutu, wasu 15 suka makance. Ba a gidajen rawa suka sha ba, a teburin gidansu ne, wajen cin abincin dare. Jamus ta Yamma ta tsare giyar Italiya a kan iyaka, kuma a shekarar abin da ƙasar take fitarwa waje ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Kotu ta ɗaure uban shekara 14, iyalan mamatan kuma suka yi ta bin diyya shekara da shekaru.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ɗaukar hankalina. A 1986 ɗin aka kafa hukuma ta musamman mai farautar algus a kayan abinci, aka kuma ƙarfafa rundunar jami'an tsaro masu binciken abinci da magani. A 1992 aka sake dokar giya gaba ɗaya, aka tsaurara batun asali. A garin Bra kuwa, wanda ba shi da nisa da Narzole, Carlo Petrini da abokansa suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Slow Food, masu cewa mai ci yana da haƙƙin sanin wanda ya noma abincinsa.

Yau Italiyawa ba sa shan ko rabin abin da kakanninsu suke sha. Kuma har gobe magidanci yana sayen Barbera ko Montepulciano d'Abruzzo ko Chianti da 'yan yuro kaɗan. Arahar tana nan. Bambancin shi ne yanzu kwalbar tana ɗauke da sunan yanki, da sunan wanda ya ɗura, da lambar da za a bi a kamo shi in ya yi ha'inci.

Mu Hausawa mukan ce araha ba ta ado, kamar dai wanda ya sayi mai sauƙi shi ya jawo wa kansa. Tarihin nan ya nuna akasin haka. Waɗanda suka mutu a 1986 ba su yi laifin kasancewa talakawa ba. Ɗan kasuwa ne ya yi ha'inci, hukuma kuma ta yi barci. Duk wanda ya tuna yadda gurɓataccen garin lemo ya kwantar da ɗaruruwan mutane a Kano a 2021 ya san ba sai kwalbar giya irin wannan take faruwa ba.

Saboda haka in za ku sayi abin ci ko abin sha, ku duba sunan mai yi, da lambar rajista, da ranar lalacewa. In babu, ku tambaya. In an rasa amsa, ku kai ƙara.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya tsare mu da iyalanmu.