Gidan Wayan Tsakar Dare: Yadda Masu Allon Kwamfuta Suka Riƙa Raba Wasiƙu



Mukan saki rubutu a zauren nan, mu koma gefe muna ƙirga waɗanda suka yi sharhi, ba mu taɓa tambayar wanda ya ɗauki saƙon ya kai ba. Akwai lokacin da wannan ɗaukar aikin mutum ɗaya ne, a ɗakinsa, da kuɗin aljihunsa.

A watan Janairun 1978 dusar ƙanƙara ta rufe birnin Chikago na Amurka. Ward Christensen da Randy Suess suka yi amfani da zaman gidan suka haɗa kwamfuta da layin tarho, yadda mutum zai kira ta da modem ya bar saƙo, wani ya kira daga baya ya karanta. Ranar 16 ga Fabrairu suka buɗe ta da sunan CBBS. Ita ce kakar allunan sanarwa na kwamfuta. Yawancinsu layi ɗaya gare su: idan wani yana ciki, sai ka jira. Kuma saƙon allon Chikago a Chikago yake kwana.

Wanda ya warware wannan shi ne Tom Jennings, mai manhajar Fido, a San Faransisko cikin 1984. Ya sa allonsa ya riƙa kiran na John Madill da ke Baltimo su yi musayar saƙonni da kansu, da dare, lokacin da kuɗin kiran nesa yake sauka. Daga nan FidoNet ta samo asali. Aka ware sa'a guda da kowane allo zai sallami masu hira ya bar layi don wasiƙu kawai. A Arewacin Amurka ƙarfe 9 ne agogon GMT, wato 4 na asuba a gabashin ƙasar lokacin sanyi. Kowane allo yana da adireshi na lambobi: shiyya, yanki, sai allon kansa. Shiyya ta 1 Arewacin Amurka, ta 2 Turai, ta 5 kuma a dā Afirka ce. Duk mako ana fitar da jerin alluna da lambobin wayarsu, mai allo ya sabunta nasa, in ba haka ba kwamfutarsa ta kwana tana tada wani bawan Allah da ba ruwansa.

A 1986 Jeff Rush ya ƙara abin da ya canja komai: zaurukan tattaunawa da ake kwafa zuwa duk allon da ya nema. Sai kaya ya yi nauyi, kuma a nan ne saiti ya zama sana'a.

Mai allo yana buƙatar manhajoji biyu aƙalla. Ta farko ɗan aike ce, kamar FrontDoor ko BinkleyTerm: ita ke amsa waya, ta gane mutum ne ya kira ko kwamfuta, ta karɓi ƙunshin wasiƙu. Ta biyu mai rabo ce, kamar Squish ko FastEcho ko GEcho: ta kwance ƙunshin, ta jefa kowane saƙo a zaurensa, ta tattara sababbin da mutanen gida suka rubuta, ta matse su a sabon ƙunshi don allon gaba. Abin da ke haɗa su ɗan fayil ne na umarni da mai allo ya rubuta da hannunsa. Ɗan aike yana gama karɓa sai ya fita ya bar wata lamba, fayil ɗin ya duba lambar ya tada mai rabo. Kuskuren lamba ɗaya, sai gari ya waye wasiƙu na jibge ba a raba ba.

Akwai kuma fayil ɗin zauruka, wanda aka fi sani da AREAS.BBS. Kowane layi yana ɗauke da inda za a ajiye saƙonni, sunan zauren, da adireshin allunan da za a tura wa. Harafi ɗaya ya kauce a sunan zaure, saƙonninsa su faɗa kwandon ɓatattu. Mafi muni shi ne zobe: Audu ya tura wa Bala, Bala ya tura wa Cindo, Cindo ya maido wa Audu, saƙo ɗaya ya yi ta kewayawa, kowane zagaye kuma wani ne ke biyan kamfanin waya. Don haka kowane saƙo yake tafiya da ɓoyayyun layuka a ƙarshensa, masu nuna allunan da suka riga suka gan shi da hanyar da ya biyo. Mai rabo yana duba su kafin ya tura, yana kuma riƙe da alamar saƙonnin da suka wuce don ya tsince maimaici.

Ƙididdiga ma daga aljihu ta fito. Babban allon da ke kiran nesa a madadin sauran yana buƙatar sanin nauyin kayan da kowa ya ja, don a raba kuɗin waya ba rigima. Sai aka rubuta ƙananan manhajoji masu karanta littafin aikin ɗan aike da mai rabo su fitar da rahoto: kira nawa, minti nawa, saƙo nawa a kowane zaure, wane zaure ne ya mutu ana ta biyan jigilarsa. Wasu sukan liƙa rahoton a cikin zauren, da sunayen waɗanda suka fi rubutu. Abin da ya fi burge mu shi ne wasu rahotannin har auna suke nawa ne daga saƙon mutum nasa ne, nawa ne kwafin maganar wanda yake ba amsa. Wanda ya kwafo layi arba'in ya ƙara "na yarda" a ƙasa, kowa zai gan shi a jeri. Da za a kawo wannan ma'aunin zaurenmu, da wasunmu sun sha kunya.

Wannan tsarin na tara-ka-tura ya dace da layukan waya masu tsada da yawan yankewa, shi ya sa ya yi wa Afirka rana. A ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ta samu hanyar imel zuwa waje ta FidoNet, ta gidan Randy Bush a Fotland. A farkon shekarun 1990 kuma GreenNet da ke Landan takan kira ƙananan cibiyoyi a Nairobi da Harare da Addis Ababa ta kwashe musu wasiƙu.

A tsakiyar shekarun 1990 jerin allunan ya haura 30,000, sannan intanet ta janye jama'a. Amma ba a rufe ba. Har yau akwai masu sha'awa, da yawansu a Rasha, da ke tafiyar da alluna, suna tura ƙunshin ta intanet da manhajar binkd maimakon layin tarho, suna gyara fayil ɗin zauruka da hannu kamar dā.

Sai mun ji daga gare ku a wurin sharhi.