Ƙofar Fita a Cikin Manhaja: Tarihin Wata Tsohuwar Gardama

Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ba ya jimawa sai ya ci karo da wata tambaya. A ce shafin rajistar ɗalibai yake ginawa, manhaja ta duba ta ga mutumin ya riga ya yi rajista. Babu abin da ya lalace, aiki ne kawai ya ƙare da wuri. To ta ina za ta fita?

Magabatan wannan sana'a suna da umarni guda, goto, mai ɗauke manhaja daga kowane layi ya dire ta a wani. A harshen FORTRAN na 1957 kusan da shi ake komai. Sai dai shirin da tsalle ya yi wa yawa yakan harɗe kamar zaren masaƙa, har mai shi ya kasa gano bakinsa. A watan Maris na 1968 Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya yi rubutu a mujallar Communications of the ACM yana cewa goto ɓarna ce, kuma Niklaus Wirth ne ya sa wa rubutun kanun da ya yi suna. Malamai da yawa suka kafa doka: shiga ɗaya, fita ɗaya. A 1974 Donald Knuth ya ja musu linzami, ya nuna akwai inda fita da wuri ta fi tsabta. Gaskiyarsa kuwa.

Da Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape a 1995, bai sa goto ba. Ƙa'idar harshen ta 1999 ta zo da try da catch don kama kurakurai, da kuma damar sa wa rukunin layuka suna a fice daga cikinsa da break. Duk da haka wasu suka ɗauki mummunar ɗabi'a, su jefa kuskuren ƙarya don kawai su fita. Kamar mutum ne a tsakiyar kasuwar Shuwarin ya kwarma ihun gobara don a ba shi hanya. Illar a fili take: ragar da aka ɗana wa kuskuren ƙarya takan haɗiye na gaske, ba wanda ya sani. Return, mai fitar da manhaja daga aikin da take ciki, da break sun isa wannan aiki.

Ita ma goto ba ta mutu ba, don harshen PHP ya shigo da ita a 2009. A Fabrairun 2014 kuma aka gano an maimaita layin goto sau biyu a manhajar tsaro ta Apple. Layin na biyu ya sa iPhone ta riƙa tsallake tantance sa hannun shafin intanet, ta fita tana cewa komai lafiya, har kamfanin ya fitar da gyara a iOS 7.0.6.